Bokitin da Malam Buba Ya Mayar Suri

Tun da na dawo ban huta ba. Wannan ta shigo, "Goggo Hajara, yaya hanya?" Waccan ta leƙo ta katanga, "Goggo, kin samo?" Matan unguwar Jambutu ba sa gajiya da tambaya, ni kuwa bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Rubutuna ba kyau, na sani. Da furfura na koya. Wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Ga waɗanda suka tarar da ni a Jimeta suna zaton nan aka haife ni, to ba nan ba ne. Garinmu yana can gaba da Mubi, a gindin duwatsu, rafi ɗaya ne tsakaninmu da Kamaru. Mijina Malam Buba magini ne, rumbuna yake ginawa da laka. Ɗanmu ɗaya ya rayu, Sale. Ranar da mutanen daji suka shigo mana da harbi, Sale ya ce mu yi gaba mu haye rafi, zai kwance awaki ya biyo mu. Yana sanye da hular da na ɗinka masa, wadda koren zare ya ƙare mini a tsakiya na ƙarasa da shuɗi. Rabi-da-rabi yake kiranta don ya tsokane ni. Bayan hular nan na gani tana shan kwana, shi ke nan ganina da shi.

Muka haye da bokitin fenti babba mai murfi. Na cusa zannuwana a ciki, da garin dawa, da ƙuli-ƙuli, da hotuna a leda. A cikinsu akwai wanda muka ɗauka mu uku a Mubi da wata sallah, shi kaɗai ne hoton Sale a duniya. Muka zauna a gefen wata gona muna jiransa har aka ce a hau dutse, suna tafe. Gwiwar Malam ba ta hawan dutse da kaya, tawa ma haka. Sai ya ce in kawo ruwa.

Aikin da ya saba ne, don haka yake ɓoye irin shuka a gona saboda ɓarayi. Ya haƙa rami ya nutsa bokitin rabi. Ya ɗaure murfin da robar taya, ya rufa leda. Ya kwaɓa laka da busasshiyar ciyawa da kashin shanu, ya gina a kai, da ƙusoshi-ƙusoshi yadda gara ke ginin gidanta. Saman ya yi shi daban, yadda za a ɗaga kamar faifai. Ya tsattsaga 'yan ramuka da tsinke, ya ɓantaro ƙasar suri na gaske ya murmushe a kai don launi ya zo ɗaya. A wajenmu ba mai dukan suri haka kawai, wani tsoron maciji, wani tsoron mutanen ɓoye. A ƙarshe ya soka tsingaron tukunya ta gabas. Alamarsa ke nan, tun Sale yana ƙarami yana miƙa masa laka.

Daga nan aka yi ta yawo da mu har Yola. Muka yi zaman sansani, muka samu ɗaki a Jambutu, Malam ya rasu a ɗakin. Sale ba labari. Na yi kuka har kuka ya ƙare, na koma ɗinkin hula. Abin da ya tayar da ni bana daban ne. Na tashi wata safiya ina so in tuna hancin ɗana, sai na ubansa ke zuwa. Na nemi idonsa, babu. Muryarsa tana nan, tafiyarsa tana nan, fuskar ce ke gogewa. Na ce wallahi ba zan shiga kabari ban san fuskar abin da na haifa ba.

Na gaya wa Malama Rifkatu, maƙwabciyata, 'yar wajen Ganye, wadda ta koyar da mu ajin manya bayan ta bar aikin makaranta. Ta ce 'yarta da ke ƙasar Turawa ta ba ta labarin wani wasa da suke yi can. Mutum ya ɗauki bokiti ya shafa masa launin ganye, ya manna ɓawon itace, ya kai daji ya ɓoye, wasu su bi da waya suna nema. In sun samu su ɗauki abu ɗaya su ajiye wani.

Na ce, "An koro su ne?"

Ta ce, "A'a, nishaɗi ne."

Na ce, "Ƙoshi dai."

Ta ce za ta raka ni. Na ce ba na gayyar mai ciwon baya. Ta ce, "Kafin ki haɗa baƙaƙen allon hanya mota ta kai Maiduguri. Zan je."

Muka kama motar Mubi da safe. Ni da fartanya a buhu, ita da kular shinkafa da jaka kamar mai zuwa aure. Direba ya cusa mu baya tare da wani mai busasshen kifi da wata mata mai zakara a cinya. Tun kafin Girei zakaran ya gano kular Malama. Kafin Song ya buɗe ta, don murfin dama ba ya kamawa. Shinkafa ta bi ƙafafun mutane, mai kifi yana salati, mai zakara tana cewa, "Bai taɓa yi ba." Malama ta ce, "To yau ya fara, a kawo shi mu yi miya."

A shingen sojoji ana sauke kowa a taka da ƙafa. Wani yaron soja ya laluba buhuna ya zaro fartanya.

"Mama, wannan fa?"

"Fartanya ce. Ba ku da ita a garinku?"

"Noma za ki je yi a shekarunki?"

"Aikin mijina zan je dubawa."

Ya dube ni, ya dubi Malama. Malama ta taɓa kanta da yatsa wai ba ni da lafiya. Na gan ta sarai. Ya mayar mini da fartanyata har da "Allah ya kiyaye."

A Gombi muka ci ƙosai da soyayyen dankali a tsaye. Daga Hong duwatsu suka fara matsowa. Wancan karon a bayan tifa na bi hanyar nan, fuskata tana kallon inda na baro.

A Mubi muka sauka gidan Adda Mairo, 'yar kawuna. Ta tsufa har na ji haushi, don na san ni ma haka take ganina. An shafe ramukan harsashi na katangarta da siminti, amma simintin ya fi katangar haske, sai ya zama duk wanda ya shigo su yake fara gani. Ta yi mana tuwon dawa da miyar tafasa. A Jimeta masara muke ci da shinkafa, dawar ma in an samu ba ta da wannan ɗan ɗaci na jar dawarmu. Loma ɗaya na kai, na ajiye hannu. Adda ta ce, "Gishiri ne?" Na ce, "Ci abincinki."

Washegari babura muka hau. Malama ta rungume ɗan acaɓanta tana kiran Yesu a kowane rami, har yaron ya ce, "Mama, ki bar mini haƙarƙari ɗaya." Muka zo mararrabar garinmu. Mangwaron bakin hanya yana nan, ya ƙara girma abinsa kamar ba a yi komai ba. Nawa ɗan acaɓan ya rage gudu ya ce ko za mu shiga, mutane sun fara komawa. Na ce wuce. Ba gida na zo gani ba, kuma na san wanda ba zan tarar a ciki ba.

Iyakar igiya ce aka gitta a hanya, da rumfa, da jandarma yana fifita da hularsa. Ya yi mana Faransanci. Malama ta mayar masa da Turanci mai kyau na makaranta, suka tsaya suna kallon juna kamar akuya da talabijin. Sai na gaishe shi da Fulatanci, nan take ya gyara zama, har da tambayar gajiya. Ya ce me ya kawo mu.

Na ce, "Suri na zo nema."

"Suri? Na Najeriya sun ƙare?"

"Wannan na mijina ne."

Ya yi dariya har ya kira abokinsa ya maimaita masa. Abokin bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun lokacin gudu?" Na ce e. Shi ya sauke mana igiyar da hannunsa.

Mutanen can kamar mu suke, amma burodinsu dogo ne kamar taɓarya, da tauri, mai haƙori irin nawa sai ya jiƙa. Kuma tsaga shi suke yi su zuba wake da taliya a ciki, abinci uku a hannu ɗaya, kamar ana korarsu. Gaisuwarsu kuwa ba ta ƙarewa, sai an tambayi yara da shanu da zafi da sanyi kafin a nuna maka hanya. A kasuwar ƙauyen, rana tsaka, mata da maza suna zaune da ƙoƙunan burkutu ba mai ɓoyewa. Na ce wa Malama ga 'yan'uwanki. Ta ce, "Na ga masu hula a ciki, ɗinkinki ne ma."

Muka isa gonar bayan azahar. Na riƙe a raina cewa surin yana kusa da wata bishiyar ƙirya, dutse yana hannun dama. Dutsen yana nan. Ƙiryar an sare, an yi gawayi da ita da duk 'yan'uwanta. Suri kuwa ga su nan birjik, manya da ƙanana, duk ja, duk iri ɗaya. Malam ya iya aikinsa har ya ɓoye wa matarsa.

Na ce bokiti ai fanko ne, zai yi amo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da ƙotar fartanya, ina kara kunne. Malama tana bina da lema tana cewa, "Wannan ya yi kama." Duk sun yi mata kama. Wani na ji kamar ya amsa, na kai masa sara. Ashe na masu gida ne. Suka fito da jajayen kawunansu suka hau ƙafata, Malama ta yar da lema, mai ciwon baya ta yi gudun da ban taɓa gani ba. Ina tsaye ina kakkaɓe zane ina zagin gara da kakanninta, sai ga wata tsohuwa ta taho da sanda tana faɗa, wa ya ba mu izinin fasa mata gona.

Na gaya mata. Ta sauke sandar. Ta ce, "Ke ce matar mai surin ƙarya?"

Sunanta Dada Asta, gonar tata ce. Ta kai mu can gefe, inda ban ko duba ba, ta nuna wani guntun suri mai kama da tulun da ya faɗi. Na ce wannan ba aikin Malam ba ne, Malam ba ya gini a karkace. Ta ce, "Nasa ruwa ya cinye tun daminar farko, har farin roba ya fito. Suri na gaske ba ya narkewa. Wannan nawa ne, duk shekara nake sake shafawa. In bai yi miki ba ki gyara."

Na ce me ya hana ta kai shi ɗaki ta huta.

Ta ce, "Wanda ya ajiye, nan zai zo nema, ba ɗakina ba."

Ta ce bayanmu mutane sun yi ta wucewa, ayari bayan ayari. Da robar ta fito, masu yunwa suka buɗe suka ci garin da ƙuli-ƙulin. Wanda ya ci kuma sai ya ajiye abin da ba zai iya hawa dutse da shi ba, ko abin da yake tsoron a gani a jikinsa. Wasu sun dawo sun ɗauki nasu. Da yawa ba su dawo ba.

Na ɗaga saman. Robar tayar ta tsinke, an ɗaure da igiyar rama. Da na buɗe murfin wari ya bugo ni, na rima da tsohon zane. Ga takalman jariri. Ga mabuɗan gidan wani a zare. Ga carbi, ga ƙaramin Littafi Mai Tsarki a naɗe cikin leda, Malama ta karɓa ta riƙe shi a ƙirji. Ga katin makarantar wata yarinya. Na tura duk gefe, na zaro ledar hotuna.

Na bikin 'yar Adda Mairo yana nan. Na Malam da abokansa magina yana nan, rima ta ci gefe. Na juya, na sake juyawa, na zazzage ledar. Namu mu uku babu.

Ban san abin da na faɗa ba, amma Malama ta ce ko jandarman iyaka ya ji. Na ce wane marar tsoron Allah ne zai ci garina ya kuma ɗauke mini ɗa? Takarda ce, ba a cinta, ba a sayarwa. Na fara fizgo zannuwana ina jefarwa a ƙasa, don in ga ƙarshen bokitin in san na gama. Na ƙasan duka shi ne zanen da na fi so, mai ruwan goro. Na ɗaga shi na ji nauyinsa ba daidai ba, an naɗe wani abu a ciki, naɗi mai kyau. Na warware.

Rabi kore, rabi shuɗi.

Na zauna a ƙasa. Na juya cikinta, ga inda na ƙulla zaren, ƙullin da ba mai yinsa sai ni. Hular nan tana kan Sale lokacin da Malam ya rufe bokitin. Ba yadda za ta shiga sai in mai ita ya zo nan da ƙafarsa.

Dada Asta ta durƙusa ta dubi hular. Ta ce ita dama tun kafin ruwa ya tona ta san surin na ƙarya ne. Ana cikin gudun nan, tana ɗaukar kara a can ƙarshen gona, ta hango wani saurayi yana ɗingishi. Bai ƙwanƙwasa ko ɗaya ba, ya zagaya ta gabas yana dubawa, ya tsaya a wannan, ya ɗaga saman kamar shi ya gina. Ya daɗe zaune. Sannan ya je rafi ya kwaɓo laka ya mayar da komai yadda yake, ya hau dutse, kansa ba hula, ga rana.

Na kama hannunta. "Fuskarsa fa? Yaya take?"

Ta ce, "Daga nesa ne, 'yar'uwa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

A gidanta muka kwana. Ta yi tuwo da miyar yakuwa mai tsami har kunne, na ci, don rabona da jin yunwa irin ta ranar na manta. Malama ta ce in ya haye nan, to ya tsira daga ranar farko ke nan, sauran sai Allah. Na ce na sani, ba sai an karanta mini ba.

Da safe muka koma. Na mayar da kayan mutane yadda na same su. Na ɗauki hular, na bar zanen mai ruwan goro a madadinta. Malama ta ba ni biro, ya ƙi kama roba. Dada Asta ta kawo ƙusa. Na kife murfin a cinya na karce cikinsa da hannuna, baƙi bayan baƙi, Malama tana tsaye a kaina tana cije baki don kada ta gyara mini. Na sa: SALE INA JAMBUTU JIMETA KA TAMBAYI GOGGO MAI HULA. Ban sa maganar ubansa ba. Wannan da baki ake faɗa.

Sannan na kwaɓa laka da ciyawa da kashin shanu, na rushe tulun Dada Asta na gina yadda na ga ana yi. Bai kai na Malam ba, amma ya miƙe. Na tsattsaga ramukan, na murmushe jar ƙasa a kai. Tsingaron ya ɓace tuntuni, Dada Asta ba ta san yana da amfani ba. Ta fasa mini bakin wata tsohuwar tukunyarta, na soka ta gabas.

Dawowa ba abin faɗa, sai dai Malama ta sayo burodin nan dogo wai tsaraba, ya karye a Hong.

To kun ji. Masu tambaya ko na samo, ban samo ba. Har yau in na rufe ido hancin ubansa ke zuwa. Hular tana ƙarƙashin matashina, ba ta da warin kowa sai na bokiti.

Abin da nake so da ku ɗaya ne, ku da kuke zaune a ƙofar gida kuna ganin mai shiga da mai fita. In wani ya shigo unguwar nan, ba yaro ba yanzu, wataƙila yana ɗan jan ƙafa, yana tambayar Goggo mai hula, kada ku tsare shi da tambayoyinku. Ku kawo shi kawai. Kuma in na tsaya ina kallonsa kamar baƙo, kada wadda ta yi dariya. Ni ba lalle in gane shi ba. Shi zai gane ni, hotona yana wurinsa.